Ys na Joanna Newsom: waƙa biyar, minti 55, da makaɗan da aka ɗora a kan murya

Ys shi ne kundin waƙoƙi na biyu da Joanna Newsom, mawaƙiya 'yar Amurka mai kaɗa garaya, ta fitar. Ya fito a watan Nuwamba na 2006 ta hannun Drag City, wani kamfanin faifai mai zaman kansa da ke Shikago, lokacin tana da shekara 24. Ana furta sunan "Is". Waƙoƙi biyar ne rak a ciki, tsawonsu a haɗe minti 55 da 'yan daƙiƙu. Mafi gajarta ta haura minti 7, mafi tsawo kuwa saura ƙiris ta cika minti 17. Babu ganga mai riƙe taki daga farko har ƙarshe, babu kuma gajeren amshin da zai maƙale a baki tun jin farko. Abin da ke ciki shi ne murya ɗaya mai kaifi, garayar Turawa da suke kira harp, da taron makaɗa kimanin 30 a waƙoƙi huɗu daga cikin biyar ɗin.

Irin wannan kiɗa shi Turawa ke kira chamber pop, wato waƙar zamani da aka ba goge da sarewa da ƙaho aikin da jita da ganga suka saba yi. Tushensa yana shekarun 1960, a ayyuka irin su Pet Sounds na Beach Boys da ya fito a 1966, da Five Leaves Left na Nick Drake a 1969. Ya sake yin tashe a tsakiyar shekarun 2000: a 2005 Sufjan Stevens ya fitar da Illinois, a shekarar kuma Antony and the Johnsons suka ci kyautar Mercury ta Birtaniya. Ys ya zo a cikin wannan ayarin, amma yadda aka gina shi ya bambanta da nasu, kuma daga wannan ginin ne ƙarfinsa da aibinsa duka suka fito.

Sai an fahimci garayar kafin a fahimci waƙoƙin. Tana da tsirkiya 47, tsayinta ya kai na mutum a tsaye, ana jingina ta a kafaɗar dama. Da yatsu huɗu na kowane hannu ake kaɗa ta, ɗan ƙaramin yatsa ba ya aiki. An rina tsirkiyoyin sautin da ake kira C ja, na F kuma baƙi ko shuɗi, don ido ya gane inda yake. A gindinta akwai feda bakwai, uku na ƙafar hagu, huɗu na dama, kowace tana da mazauni uku. Feda ɗaya tana riƙe da sauti ɗaya a duk faɗin garayar: in aka taka ta C, kusan kowace tsirkiyar C daga sama har ƙasa ta tashi da rabin mataki a lokaci guda. Saboda haka abin da mai fiyano zai yi da motsa yatsa ɗaya, mai garaya sai ya yi shi da ƙafa, a kan lokaci, ba tare da ƙarfen ya yi ƙara ba. In aka taka feda alhali tsirkiyar tana cikin rawa, sai a ji wani ɓzzz mara daɗi. Tsirkiyoyin ƙasa kuma na ƙarfe ne, suna daɗewa suna amo, dole a riƙa dafe su da tafin hannu, in ba haka ba sautin baya ya cakuɗe da na gaba.

Wannan ya sa mai rubuta waƙa a kan garaya yakan zauna a mazaunin sauti ɗaya na ɗan lokaci, sannan ya tashi gaba ɗaya ya koma wani. Haka waƙoƙin Ys suke, zango-zango. Kowane zango da takinsa da karin muryarsa, in ya ƙare a shiga wani, wani lokaci a waiwayi na baya bayan minti shida ko bakwai. Wanda ya gane wannan ya rage wa kansa rabin wahalar sauraro, domin zai daina jiran amshi ya koma lura da sauyin zango.

Akwai kuma abin da kunnen ɗan Afirka ta Yamma zai riga na Bature kamawa. Newsom ta sha faɗa cewa tun tana budurwa, a wani sansanin koyon kiɗa a Kalifoniya, ta koyi salon da aka ɗauko daga kora, molon nan mai tsirkiya 21 na maroƙan Mali da Gambiya da Senegal da Gini. A salon, hannu ɗaya yana tafiya a kan ƙirga huɗu, ɗayan a kan ƙirga uku, sai sun yi bugu 12 suke haɗuwa a wuri ɗaya. Da wannan ta raba gari da masu garayar gargajiyar Turai da suka fi son shafa tsirkiyoyi daga ƙasa zuwa sama don ƙawa. A hannunta garayar ce ganga, ita ce kuma jitar ƙasa, wato mai sauti mai zurfi. Hannun hagu yana dukan taki, na dama yana saƙa a kansa.

Yanzu ga yadda aka haɗa kundin, mataki bayan mataki.

Da farko aka ɗauki muryarta da garayarta su kaɗai, kuma Steve Albini ne ya ɗauka. Wannan zaɓi ya ba mutane mamaki, domin an fi saninsa da kiɗa mai hayaniya, shi ya ɗauki In Utero na Nirvana a 1993. Amma abin da ya ƙware a kai shi ne kafa makirufo yadda kayan kiɗa zai fito kamar yadda yake a cikin ɗaki, ba tare da an yi masa kwalliya ba. Garaya tana da wuyar ɗauka. In makirufo ya matso kusa da tsirkiya, ƙarar yatsa ta yi yawa. In ya yi nisa, sautin ya zama kamar daga rijiya. Sautinta kuma yana da faɗi ƙwarai, daga mai zurfin da ake ji a ƙirji har zuwa mai tsinin da ke kama da ƙarar gilashi, makirufo ɗaya ba ya ɗaukar duka da adalci. A Ys ana jin jikin katakon, ana jin lokacin da yatsa ya saki tsirkiya, ana jin numfashin da take ja kafin dogon baiti.

Sai aka miƙa wannan ɗauka ga Van Dyke Parks don ya rubuta wa taron makaɗa abin da za su kaɗa. Parks dattijo ne a sana'ar, an haife shi a 1943, shi ya rubuta baitocin kundin Smile tare da Brian Wilson na Beach Boys, kuma kundinsa Song Cycle ne ya sa Newsom ta neme shi. A nan aikin ya juya wa al'ada baya. Yawanci kiɗa ake fara shimfiɗawa a kan taki tsayayye, mawaƙi ya zo ya hau. A Ys murya ce ta riga, kuma murya ce mai sauri a nan, jinkiri a can, gwargwadon yawan kalmomin da ke cikin layi. Dole mai rubuta kiɗan ya bi ta gaɓa bayan gaɓa, ya auna inda ta ja da inda ta yanke, ya rubuta awo mai tsawo daban-daban don goge ya faɗo daidai kan kalmar da ake so. An shafe watanni ana kai da komo tsakaninsu: ya aiko da abin da ya rubuta, ta mayar masa da gyara dalla-dalla, ya sake. Da aka gama, aka tara makaɗan a situdiyo a 2006, Tim Boyle ya ɗauke su suna bin muryar da aka riga aka naɗa.

Duka aikin a kan tef aka yi shi, da injin naɗa guda biyu masu layi 24 kowanne. A al'adar aiki, in za a haɗa irin waɗannan injuna su yi tafiya tare, kowanne yakan sadaukar da layi ɗaya don siginar da ke daidaita su, sai a rage da 46. Tef ɗin faɗinsa inci biyu ne, kuma naɗin da aka saba amfani da shi mai ƙafa 2,500 yana ɗaukar minti 16 da rabi ne kawai in ana gudu a inci 30 cikin daƙiƙa, ko minti 33 a inci 15. "Only Skin" ta kai minti 16 da daƙiƙa 53. Mai irin wannan waƙa a kan tef zaɓi uku gare shi: ya rage gudun injin, ya nemo babban naɗi, ko ya yanka da reza ya liƙa. Ba kamar kwamfuta ba ce da za a ja kalma ɗaya a matsar da ita. Daga nan Jim O'Rourke, wanda ya haɗa sautin Yankee Hotel Foxtrot na Wilco, ya haɗa layukan, aka kai situdiyon Abbey Road a Landan don tacewar ƙarshe.

Aikin O'Rourke ya fi na kowa haɗari. Gogen Turawa da muryar mace mai tsini a unguwa ɗaya suke zaune ta fuskar sauti, tsakiyar garaya ma a nan take. In aka ɗaga goge, kalmomi su nutse. In aka danne shi, kuɗin da aka kashe wajen tara makaɗa ya tafi a banza. Abin da ya yi shi ne ya ajiye murya da garaya a gaba sosai, ya tura taron makaɗan baya da gefe, suna leƙowa suna komawa. Shi ya sa ba a taɓa rasa kalma ko da kiɗan ya cika. Shi ya sa kuma wasu ke cewa makaɗan kamar a wani ɗaki suke, kamar an liƙa su daga baya. Gaskiya ne daga baya aka ɗora su, kuma kunne yana ganewa. Abin dubawa shi ne ko hakan ya yi wa kowace waƙa amfani.

A "Emily", waƙar farko mai minti 12, ya yi. Waƙa ce ga 'yar'uwarta Emily, wadda ta karanci ilimin taurari, kuma ita ce ke yi mata rakiyar murya a ciki. Akwai kogi, akwai jifa da duwatsu a kan ruwa, akwai uba yana nuna wa 'yarsa taurari da dare, har da taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Gogen yana shigowa a hankali, yana amsa ƙarshen layi, wani lokaci ya yi gardama da shi: murya tana faɗin abu mai daɗi, kiɗan yana karkacewa zuwa wani sauti mai ɗaci, kana ji ka san akwai abin da ba a faɗa ba. Wurin da ya fi kama da amshi shi ne inda ta ce ta yi alkawarin sa darasin 'yar'uwarta cikin waƙa don kada ta manta, wato bambancin dutsen da ke yawo a sararin sama, da hasken da ake gani in ya shigo iska, da guntun da ya faɗo ƙasa. Masu ilimin sun daɗe da lura cewa ta musanya biyu daga cikin sunayen uku. Ko da gangan ne ko kuskure, ya dace da waƙar, domin magana ce a kan mutum biyu da ke ƙaunar juna amma kowace da duniyar da take fahimta. Wanda zai ji waƙa ɗaya kawai daga kundin don ya yanke shawarar saye, wannan ce.

"Monkey & Bear" tatsuniya ce. Biri da beyar (dabbar nan da Turawa ke kira bear) mai suna Ursala sun tsere daga gonar da ake tsare da su, sai birin ya lallaɓe ta da daɗin baki ta ci gaba da rawa a gaban yara ana jefa musu kuɗi, yana ta yi mata alkawarin hutun da ba ya zuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu wasa da kura da biri a bakin kasuwa ya san wannan hoton, sai dai a nan ɗan'uwanta dabba ne ke riƙe da igiyar. A ƙarshe ta shiga teku wanka, ta riƙa tuɓe jikinta gaɓa-gaɓa kamar tufa. Waƙar tana buɗewa da muryoyinta da aka jera a kan juna ba kiɗa, tana rufewa da gudu, kalmomi suna turereniya. Minti biyun ƙarshen nan suna cikin mafi kyau a kundin. Tsakiyar ce ke da matsala. Parks ya bi labarin sawu da ƙafa, in an ambaci rawa kiɗan ya yi rawa, in an ambaci tsoro ya yi rawar ɗari, har ya koma kamar kiɗan fim ɗin yara. Baitocin sun riga sun zana hoton, ba su buƙatar a sake zana shi da sarewa. A nan ƙorafin masu cewa an cika gishiri yana da tushe.

Ta uku, "Sawdust & Diamonds", ita ce babu kowa sai ita da garayarta, kusan minti 10. Sa ta a tsakiyar kundin dabara ce mai kyau, domin kunne yana samun hutu daga goge, kuma a nan ake gane cewa waƙoƙin suna iya tsayawa da ƙafarsu. Tana farawa da bugu ɗaiɗai masu nisa da juna kamar ƙararrawa, ana maganar farin matakala mai faɗi da ƙararrawar da aka jefo daga samansa. Sai hannun dama ya ɓalle da gudu, ƙananan sautuka suna zuba ba tsayawa, hannun hagu yana saka nasa bugun a wuraren da ba a zata ba. Akwai kurciyar da aka ƙera da gam da safar hannu, aka cusa mata garin katako da lu'ulu'u, ana motsa ta da zare. A saurari yadda take rage ƙarfin yatsa in murya za ta yi ƙasa, ta ƙara in za ta tashi, ba tare da gudun ya canja ba. Wannan aikin shekaru ne, kuma ɗaukar Albini ta bar shi a fili.

"Only Skin" ita ce gwajin haƙuri. Tana buɗewa da wata 'yar ƙara da muryar ke yi a kan kalmar farko, irin wadda ke sa wasu su kashe nan take. Daga nan ta bi ta zanguna da yawa: masoyi da ya farka a firgice daga mafarkin jiragen yaƙi, tsuntsuwar da ta bugi gilashin taga aka ɗauke ta a tafin hannu aka hau da ita sama, da doguwar jayayya tsakanin mace da namiji a kan abin da kowanne ke bin ɗan'uwansa. Zangon tsuntsuwar ya isa waƙa shi kaɗai, kuma Parks ya kyauta da ya ja da baya a wurin. Amma a tsakiya akwai inda zaren ke saki, zango biyu ko uku masu kama da juna a nauyi suna bin juna, mai sauraro ya rasa ko gaba ake yi ko zagaye. Abin da ya ceci waƙar yana cikin minti huɗun ƙarshe, inda mawaƙi Bill Callahan ya shigo da muryarsa mai kauri a ƙarƙashin tata, kiɗan ya sami taki mai ƙarfi. Bayan an yi fiye da minti 40 ana jin murya mai tsini, shigowar namiji mai zurfin murya tana buɗe ƙasan sautin gaba ɗaya. Sau ɗaya aka yi amfani da wannan a duk kundin, shi ya sa ya yi tasiri.

"Cosmia" ce ta rufe, kuma ita ce mafi sauƙin kamawa. Sunan wani jinsin malam-buɗe-littafin dare ne, irin mai zuwa wurin fitila, kuma waƙar makoki ce. Newsom ta bayyana cewa kundin ya taso ne daga abubuwan da suka same ta cikin shekara guda, ciki har da rasuwar babbar ƙawarta ba zato, da rashin lafiya a cikin dangi, da soyayyar da ta yi tangal-tangal. Kusa da ƙarshe tana maimaita layi ɗaya na kewa, kowane maimaici muryar na ƙara hawa har ta kusa tsagewa.

Sunan kundin daga almarar yankin Biritani na ƙasar Faransa aka ɗauko shi: birnin Ys da aka gina a bakin teku, da ganuwa mai tare ruwa, har ranar da Dahut 'yar Sarki Gradlon ta sa aka buɗe ƙofar, teku ya haɗiye garin. Babu waƙar da ta ba da wannan labari kai tsaye, amma ruwa yana ko'ina a cikin baitocin. Hoton bangon kuma zanen hannu ne na Benjamin Vierling, ta zauna riƙe da lauje a hannu ɗaya da malam-buɗe-littafi cikin firam a ɗayan.

Kundin ya ɓulla a intanet kimanin wata biyu kafin ranar fitowarsa, don haka muhawara ta riga faifan isa kanti. Da ya fito, yawancin masu sharhi sun yaba. Shafin Metacritic, mai tara makin jaridu ya fitar da matsakaici, ya ba shi 85 cikin 100. Pitchfork, mujallar kiɗa ta intanet, ta ba shi 9.4 cikin 10, ta kuma sa shi na uku a kundayen 2006. Jaridar Guardian ta ba shi tauraro biyar. A ɗaya gefen, mujallar Rolling Stone tauraro biyu ta ba shi cikin biyar. A kasuwa ya kai lamba 134 a jerin Billboard 200 na Amurka, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga faifan da babu waƙa ɗaya a cikinsa da gidan rediyo zai iya sakawa ba tare da ya yanka ta ba.

Ƙorafin masu suka iri uku ne, kuma bai kamata a share su ba. Na farko muryar: tana da tsini, tana karyewa, tana yin ƙara a farkon kalma. Na biyu tsawo da rashin amshi. Na uku kalmomin, domin tana amfani da tsohon Turanci da kalmomin da Baturen ma sai ya buɗe ƙamus. Duk abin da suka ji yana nan, ba ƙage suka yi ba. Inda suka kauce shi ne ɗaukar waɗannan a matsayin ado da aka yaɓa don burgewa. In aka zauna da takardar baitocin, za a ga amsa-amon ciki yana da tsari, hoton da aka jefa a minti na biyu yana dawowa a minti na tara da wata ma'ana, kuma tsawon kowace waƙa gwargwadon labarin da ke cikinta ne, ban da tsakiyar "Only Skin" da aka ambata.

Masu yabon ma akwai nasu laifin. Da yawa sun cika sharhinsu da kiranta aljana ko 'yar tatsuniya, suna cewa muryarta ta yara ce, suna jefa ta cikin rukunin da aka laƙaba wa freak folk tare da Devendra Banhart. Ta nuna ba ta son waɗannan laƙabai, kuma tana da hujja. Mace ce da ta fara garaya tun tana ƙarama, ta karanci tsara kiɗa da rubutu a kwalejin Mills da ke Oakland kafin ta bari, ta zaɓi ma'aikatanta da kanta, ta zauna ta gyara wa mutum irin Parks rubutunsa, sunanta kuma yana kan faifan a matsayin mai shiryawa tare da shi. Yabon da ya mai da wannan aiki kamar wani abu da ya faɗo mata daga sama ya rage mata fiye da yadda tauraro biyun Rolling Stone suka rage.

Ga mai niyyar saurare, abin da zai ji da shi yana da muhimmanci fiye da yadda aka saba. Sifikar waya ba ta fitar da sauti mai zurfi, kuma a wannan kundin ƙasan kiɗan yana hannun hagu na garaya da jitar ƙasa ta Lee Sklar. In suka ɓace, abin da zai rage shi ne murya mai tsini da goge mai tsini, wato mafi munin fuskar kundin. Da yawa daga masu cewa sun gwada sun kasa, a haka suka ji shi. A nemi abin sawa a kunne mai rufe kunnen, ko sifika mai ɗan girma. Sannan tazarar da ke tsakanin wurare masu sanyi da masu ƙarfi tana da faɗi, ba a matse sautin ya zama bai ɗaya ba, don haka a cikin mota ko kusa da janareta rabin "Sawdust & Diamonds" ba zai kai kunne ba. Kada a sa shi ana wani aiki. Kada kuma a ce sai an cinye minti 55 a zaman farko. A fara da "Emily" da "Cosmia", a maimaita su har kunne ya saba da muryar, sannan a ƙara "Sawdust & Diamonds", a bar "Only Skin" a ƙarshe. A riƙe baitocin a hannu, ko da mutum ya iya Turanci sosai, domin tana raba kalma ɗaya a kan sautuka da yawa, tana kuma sa nauyi a gaɓar da ba a saba ba. Wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai sami garayar da kiɗan, amma gaskiya rabin kayan zai ɗauka, domin kundin a kan kalmomi aka gina shi.

Wajen samu, Newsom ta daɗe tana ƙin sa waƙoƙinta a Spotify, ta kuma soki yadda yake biyan mawaƙa a fili a 2015, saboda haka kada a ɗauka za a same shi duk inda aka saba samun waƙa. Drag City ya fitar da shi a CD da kuma faifan garmaho guda biyu a kwali ɗaya, tare da baitocin a rubuce. Faifai biyu ne saboda fuska ɗaya ta garmaho ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti 20 da ɗoriya ba tare da sautin ya raunana ba.

Wanda gogen Parks ya yi masa yawa yana da mafita. Ɗaukar makaɗa 30 yawon wasa ba ƙaramin kuɗi ba ne, ko da yake ta yi hakan a wasu wurare, ciki har da zauren Barbican na Landan tare da London Symphony Orchestra a watan Janairun 2007. A sauran wasannin ƙaramar ƙungiya ta riƙa tafiya da ita, Ryan Francesconi ya sake tsara kiɗan don 'yan kayan kiɗa kaɗan, ciki har da wani molon Bulgeriya da ake kira tambura, da banjo da akodiyan. A 2007 suka fitar da ƙaramin faifai mai waƙa uku, Joanna Newsom and the Ys Street Band, kuma a ciki akwai "Cosmia" da aka sake ɗauka ta kai minti 13. A jera ta da ta kundin a saurara. Ta ƙaramin faifan ta fi sakewa, makaɗan suna numfashi tare da ita domin tare suka saba kaɗawa, kuma dogon kiɗan da suka ƙara a ƙarshe yana da zafin da ta farko ba ta da shi. Ta kundin kuma ta fi matsewa, ta fi ciwo. Muryar da ke kan waɗannan faifai biyu ma ba ta daɗe a haka ba: a 2009 ta sami ƙulli a maƙogwaro wanda ya hana ta magana da waƙa na wani lokaci, kuma a Have One on Me, kundi mai faifai uku da ya biyo baya a 2010, muryar ta fito da laushi, ƙarar nan ta farkon kalma ta ragu sosai. Wanda muryar Ys ce kaɗai ta hana shi shiga, daga can ya kamata ya fara, sannan ya dawo baya.